Rashidi Yekini: Bijimin Kaduna da ya taso daga ƙungiyar masaƙa ya ci wa Najeriya ƙwallon farko a Kofin Duniya

A ranar Juma'a 4 ga watan Mayun 2012 Allah Ya yi wa Rashidi Yekini rasuwa a birnin Ibadan, yana da shekara 48 a duniya.

Shi ne ya ci wa Najeriya ƙwallon farko a tarihinta na zuwa Gasar Kofin Duniya. Shi ne ɗan Najeriya na farko da aka zaɓa Gwarzon Ɗan Ƙwallon Afirka. Ƙwallo 37 da ya zura wa ƙasarsa kuwa sun shafe sama da shekara 25 babu wanda ya kamo su.

Matasa da yawa a Arewa suna yi masa kallon mutumin Kudu, saboda sunansa da kuma garuruwan da ya yi tashe. Amma a Kaduna aka haife shi, a can ya girma yana jin Hausa, kuma a ƙungiyar ƙwallon wata masaƙa da ke birnin ya fara taka leda a gaban jama'a. Har ma da aka tashi yi masa laƙabi, Bijimin Kaduna aka kira shi.

Yekini bai shiga wata makarantar koyon ƙwallo ba, bai yi dogon karatu ba, ba shi da uba a gindin murhu. Abin da ya samu shi ne tsani mai matakai a jere, daga filin unguwa zuwa ƙungiyar kamfani, daga nan zuwa babbar ƙungiya, har ya kai Turai. Wannan tsanin ne ya kai shi inda ya kai, kuma matakinsa na ƙasa ya daɗe da karyewa.

Yaron Kaduna

An haifi Rashidi Yekini a ranar 23 ga Oktoban 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi, 'yan asalin garin Ira da ke ƙaramar hukumar Oyun a Jihar Kwara ta yanzu. A wancan lokaci ƙasar Ilori tana cikin Jihar Arewa, Kaduna kuma ita ce hedikwata, don haka mutanen yankin da dama a nan suke neman abinci.

Kadunar da ya buɗe ido a cikinta garin ma'aikata ce. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙun suka biyo baya, cikinsu har da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, wadda aka fi sani da UNTL. Yankin Kakuri da kewayensa ya cika da dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar, ana shiga aiki safe da rana da dare.

Mahaifin Yekini ya rasu tun yana ƙarami, lamarin da ya jefa gidansu cikin ƙunci. Maimakon aji, sai yaron ya koma wurin masu walda da kanikawa yana koyon sana'a don ya samu na sa wa a bakin salati. Ƙwallo kuwa ita ce abin yi idan an tashi daga aiki.

Matakin farko

A shekarun 1970 da 1980, kusan duk wani babban kamfani ko ma'aikata a Najeriya na da ƙungiyar ƙwallo. Kamfanin siminti na Gboko ke da BCC Lions. Masana'antar ƙera makamai ta sojoji a Kaduna ke da DIC Bees, wadda daga baya ta koma Ranchers Bees. Akwai Leventis United a Ibadan, da New Nigeria Bank a Benin, da ƙungiyar NEPA a Legas.

Arewa ba a bar ta a baya ba. Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, sannan Raccah Rovers ta Kano ta ɗauke ta a 1978.

Amfanin irin waɗannan ƙungiyoyi a wurin yaro ɗan talaka a fili yake. Za a ba shi riga da takalmi, a ba shi mai horarwa, a riƙa ba shi ɗan abin kashewa, wani lokacin ma a rubuta sunansa cikin ma'aikata. Babban abin shi ne zai riƙa buga wasannin da manyan ƙungiyoyi ke turo masu farautar 'yan wasa su kalla.

A 1981 Yekini ya shiga ƙungiyar UNTL yana ɗan shekara 17 zuwa 18. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai gudu, kuma idan ya ɗirka wa ƙwallo ƙafa sai mai tsaron raga ya ji a jikinsa. Bai daɗe ba labarinsa ya kai Kudu.

Ibadan da Abeokuta

A 1982 ƙungiyar IICC Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, domin ita ce ƙungiyar Najeriya ta farko da ta taɓa cin kofin nahiyar Afirka, a 1976, kuma a cikinta fitaccen ɗan wasa Segun Odegbami yake.

Ƙungiyar ta lashe gasar Najeriya a 1983, ta shiga gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a 1984, ta kai har wasan ƙarshe. A nan ta gamu da Zamalek ta Masar, wadda ta doke ta 2-0 a Alƙahira, ta sake bin ta Legas ta ci ta 1-0.

Daga nan Yekini ya koma Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar hamshaƙin attajiri Cif Moshood Abiola, wadda ta ci Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987.

A waɗannan shekarun 'yan kallo sukan yi ƙorafin cewa yana ɓarar da damarmaki. Sai dai ko a lokacin masu horarwa sun lura da abin da ya bambanta shi da saura: ya san inda zai tsaya, ya san lokacin da zai zabura ya bar mai tsaron baya, kuma ɓarar da ƙwallo ɗaya ba ya sa shi jin tsoron buga ta gaba.

Daga Abijan zuwa Fotugal

A tsakiyar shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya shiga wani hali, darajar naira ta soma zubewa, 'yan wasa suka fara neman mafita a waje. Stephen Keshi ya riga ya buɗe hanyar Kwaddibuwa, inda ya yi wasa kafin ya wuce Beljiyam.

Yekini ya bi sahu a 1987, ya koma Africa Sports ta birnin Abijan. Ya yi shekara uku a can, ƙungiyar ta lashe gasar ƙasar a 1988 da 1989, shi kuma ya zama abin tsoro ga masu tsaron baya.

A 1990, yana dab da cika shekara 27, ya tsallaka Turai. Ba Benfica ko Porto ko Sporting ce ta ɗauke shi ba, Vitória ce ta garin Setúbal, wani garin masunta da ke kudu da Lisbon. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu.

Yekini ya zauna. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallo 34 a rukuni na biyu, ya taimaka ƙungiyar ta dawo sama. A kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a babbar gasar Fotugal, ya wuce 'yan wasan manyan ƙungiyoyin ƙasar uku da ke da kuɗi da taurari. A shekara huɗun da ya yi a Setúbal ya ci kimanin ƙwallo 90.

A 1993 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon ɗan wasan nahiyar. Sai bayansa ne Emmanuel Amunike ya samu kyautar a 1994, Nwankwo Kanu a 1996 da 1999, Victor Ikpeba a 1997, Victor Osimhen a 2023, sai Ademola Lookman a 2024.

Azurfa uku kafin zinare

Yekini ya fara sanya rigar Najeriya a 1984, kuma ya sha ɗacin rashin nasara kafin ya ɗanɗani zaƙinta.

A Gasar Kofin Afirka ta 1984 a Kwaddibuwa, ƙarƙashin koci Adegboye Onigbinde, Najeriya ta kai wasan ƙarshe, Kamaru ta doke ta 3-1.

A 1988 a Maroko ya ci Kenya ƙwallo ɗaya, aka sake kaiwa wasan ƙarshe, Kamaru ta sake yin nasara da ci 1-0 ta bugun fenaretin Emmanuel Kundé. A wannan shekarar ya je Gasar Olamfik a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. Najeriya ta sha kashi a duk wasanninta uku, kuma ƙwallo ɗaya tak da ta ci, a ragar Yugoslabiya, Yekini ne ya ci ta.

A 1989 aka kawo koci ɗan ƙasar Holan, Clemens Westerhof, wanda ya gina salon wasansa a kan 'yan gefe masu gudu da ɗan gaba mai ƙarfi. Salon ya yi wa Yekini daidai.

A gasar 1990 a Aljeriya, masu masaukin baƙi sun lallasa Najeriya 5-1 a wasan farko. Yekini ne ya farfaɗo da tawagar: ya ci Masar ƙwallo ɗayar da ta raba gardama, ya yi wa Kwaddibuwa haka, ya ƙara ɗaya a ragar Zambiya a wasan kusa da na ƙarshe. Aka sake haɗuwa da Aljeriya a wasan ƙarshe, ta ci 1-0. Azurfa ta uku ke nan.

A 1992 a Senegal ya ci huɗu, ya fi kowa a gasar: biyu a ragar Kenya, ɗaya a ta Zayar, ɗaya a ta Kamaru. Ghana ta Abedi Pele ce ta tare Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe, aka dawo gida da tagulla.

Shekarar 1994

Kafin 1994 Najeriya ba ta taɓa zuwa Kofin Duniya ba. A wasannin neman gurbi Yekini ya ci ƙwallo 8, cikinsu har da bibbiyu a ragar Afirka ta Kudu da Aljeriya da Kwaddibuwa, duka a Legas. A ranar 8 ga Oktoban 1993 aka tashi 1-1 da Aljeriya a birnin Aljas, tikitin Amurka ya tabbata.

Kafin tafiya Amurka sai da aka je Tunisiya Gasar Kofin Afirka. Yekini ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu a zagayen 'yan takwas. A wasan kusa da na ƙarshe da Kwaddibuwa mai riƙe da kofin, sau biyu ana shiga gaban Najeriya tana farkewa, kuma shi ne ya farke ta biyun. Da aka je bugun fenareti, shi ya buga na ƙarshe da ya kai ƙasar wasan ƙarshe.

Abokiyar karawar ita ce Zambiya, wadda shekara guda kafin nan, a watan Afrilun 1993, ta rasa 'yan wasanta 18 a haɗarin jirgin sama a gaɓar tekun Gabon. Kusan duk nahiyar tana tausaya wa sabuwar tawagar da Kalusha Bwalya ya jagoranta. A ranar 10 ga Afrilun 1994 Zambiya ta fara ci, Emmanuel Amunike ya rama ya ƙara, aka tashi 2-1.

Najeriya ta ɗauki kofinta na biyu bayan na 1980. Yekini, da ƙwallo biyar, ya sake zama wanda ya fi kowa ci, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. A watan ne hukumar FIFA ta sanya Najeriya ta biyar a duniya.

Ranar 21 ga Yunin 1994 Najeriya ta fito wasanta na farko a Kofin Duniya, da Bulgeriya, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas. Dare ya tsala a agogon Najeriya, amma mutane suka ƙi barci. A minti na 21 Daniel Amokachi, wani ɗan Kadunan, ya tura wa Finidi George ƙwallo ta dama. Finidi ya shimfiɗo ta gaban raga, Yekini ya sa ƙafa.

Bai juya ya yi murna da kowa ba. Ya bi ƙwallon cikin raga, ya cusa hannuwansa biyu ta ramukanta, ya dunƙule su yana girgizawa yana ihu. Wannan hoto na mai riga lamba 9 ya zagaya duniya, kuma har gobe da shi ake tuna zuwan Najeriya na farko. Amokachi da Amunike suka ƙara, aka tashi 3-0. Bulgeriyar da aka yi wa wannan cin kuwa sai da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar.

A gida ana cikin rikicin soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Kwana biyu bayan ƙwallon Dallas, gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Cif Abiola, tsohon maigidan Yekini a Abeokuta. A irin wannan yanayi na zaman ɗar-ɗar, ƙwallon ce kusan abu guda da Bahaushe da Bayarabe da Ibo suka yi wa murna tare.

Najeriya ta sha kashi 2-1 a hannun Ajantina, a wasan da ya zama na ƙarshe da Diego Maradona ya buga wa ƙasarsa. Ta doke Girka 2-0, ta jagoranci rukuninta. A zagayen 'yan 16, ranar 5 ga Yuli, tana gaban Italiya da ci ɗaya har saura minti biyu a tashi, sai Roberto Baggio ya farke, ya kuma ƙara ta fenareti a ƙarin lokaci.

Yekini bai sake ci ba a gasar bayan wasan Bulgeriya. Tun daga lokacin ake ta cece-kuce a kan rashin jituwa a sansanin 'yan wasan, da zargin cewa wasu sun daina ba shi ƙwallo. Koma dai mene ne, ɗan gaba irinsa da abin da aka miƙo masa yake aiki, kuma a wasanni ukun da suka biyo baya abin da ya iso gare shi kaɗan ne.

Bayan Amurka

Yana da shekara 30 lokacin da duniya ta san shi, shekarun da ɗan gaba ke fara gangarowa. Ya koma Olympiacos ta Girka a 1994, zaman bai yi daɗi ba. Ya wuce Sporting Gijón ta Sifaniya a 1995, can ma ƙwallayen ba su zo ba. Ya koma Setúbal na ɗan lokaci a 1997.

Siyasa ma ta yi masa illa. Ƙwallayensa a Gasar Kofin Afirka sun kai 13, saura ɗaya ya kamo Laurent Pokou na Kwaddibuwa mai 14, wanda ke riƙe da tarihin gasar tun 1970. Amma bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a watan Nuwamban 1995, dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Abacha da ta Nelson Mandela. Najeriya ta ƙaurace wa gasar 1996 a Afirka ta Kudu, aka kuma haramta mata ta 1998. Yekini bai sake buga gasar ba. Samuel Eto'o na Kamaru ne ya zo daga baya ya kafa sabon tarihi da ƙwallo 18.

A kakar 1997 zuwa 1998 ya farfaɗo a ƙungiyar Zürich ta Suwizalan, inda ya ci 14. Hakan ya sa koci Bora Milutinović ya tafi da shi Kofin Duniya na 1998 a Faransa, yana shigowa daga benci.

A wasan da Najeriya ta doke Sifaniya 3-2 a birnin Nantes, shi ya miƙa wa Garba Lawal ƙwallon da Lawal ya buga ta kuɓuce wa mai tsaron raga Andoni Zubizarreta ta shige. 'Yan Kaduna biyu ke nan. A wasan da Denmak ta fitar da Najeriya da ci 4-1 ranar 28 ga Yuni, wani ɗan Kadunan, Tijjani Babangida, shi ya ci ƙwallo ɗayar. Wannan ne wasan Yekini na ƙarshe a rigar ƙasarsa.

Ya ci gaba da yawo: Bizerte a Tunisiya, Al-Shabab a Saudiyya, ya koma Africa Sports a 1999. A 2002 ya dawo gida ya buga wa Julius Berger ta Legas, a lokacin da manyan 'yan wasa ba sa waiwayar gasar cikin gida. A 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi ya buga wa Gateway ta Abeokuta kafin ya ajiye gaba ɗaya.

Shekarun kaɗaici

Da yawa daga cikin abokan wasansa sun zama masu horarwa, ko masu sharhi a talabijin, ko dillalan 'yan wasa. Yekini bai bi ko ɗaya ba. Ya koma gidansa a Ibadan ya rufe ƙofa.

Dama can mutum ne mai kawaici, ba ya son taro, ba ya son hira da 'yan jarida. An san shi da riƙo da addini da kuma kyauta ga mabuƙata. Mutanen Ibadan sun saba ganinsa yana zuwa filin wasa na Liberty yana motsa jiki, kamar mai shirin wasa gobe. Gayyatar bukukuwa da karramawa kuwa yawanci ba ya amsawa.

Daga 2011 jaridu suka fara ba da rahoton cewa yana fama da matsalar damuwa da ta ƙwaƙwalwa. Wasu makusantansa sun musanta, suna cewa halinsa ne na son zama shi kaɗai. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa, rahotanni sun ce an ɗauke shi daga gidansa da sunan nema masa magani. Bayan rasuwar an yi ta kiraye-kirayen a binciki yadda abin ya faru.

An yi masa sutura a Ira, garin iyayensa, kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Ya bar mahaifiyarsa da 'ya'ya mata.

Rasuwarsa ta tayar da muhawara a kan abubuwa biyu. Na farko shi ne yadda ake ɓoye larurar ƙwaƙwalwa a Najeriya, ana jin kunyar kai mutum asibiti, alhali akwai asibitocin da aka tanada don haka, irin na Aro a Abeokuta, da na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano. Sai a watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958.

Na biyu shi ne yadda ƙasa ke mancewa da waɗanda suka yi mata hidima. Gwamnati ta yi wa tawagar Tunisiya alkawarin gidaje a 1994, amma da yawansu sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba su, bayan shekara 27. Kafin lokacin mutum biyar daga cikin 'yan wasan sun riga mu gidan gaskiya: Uche Okafor a 2011, Yekini a 2012, Thompson Oliha a 2013, Wilfred Agbonavbare a 2015, sai kyaftin Stephen Keshi a 2016.

A ranar 23 ga Oktoban 2023, ranar da zai cika shekara 60, kamfanin Google ya sanya zanensa a shafinsa na farko don tunawa da shi.

Tsanin da ya karye

Masaƙar Kaduna Textiles ta tsaya a 2002. UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Rashin wutar lantarki, da tsadar man injina, da kwararowar atamfofin waje masu araha ta kan iyaka, su suka durƙusar da su, kamar yadda suka durƙusar da masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. Kamfanin da ya kasa biyan albashi kuwa ba zai riƙe ƙungiyar ƙwallo ba.

Kowace ƙasar da ke fitar da 'yan wasa tana da matakin da ke tsakanin filin unguwa da babban fili. A Amurka makarantu ne ke wannan aiki. Yaron da bai samu shiga babbar jami'a ba yakan je ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, ya buga ƙwallonsu ta hannu ko ta kwando, idan ya yi fice jami'a ta ɗauke shi. A Turai ƙungiyoyi ne ke da makarantun renon yara. A Najeriyar Yekini, kamfanoni ne da gasannin makarantun sakandare suka riƙe wannan matsayi.

Yau yawancin manyan ƙungiyoyin ƙasar na gwamnatocin jihohi ne, irin su Kano Pillars da aka kafa a 1990. Akwai gasar matasa ta Kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, akwai kuma makarantun ƙwallo masu zaman kansu. Ta irin wannan hanya Ahmed Musa ya fito daga Jos, ya yi tashe a Pillars, ya je ya ci ƙwallo huɗu a Kofin Duniya na 2014 da 2018.

Sai dai yawancin waɗannan damarmaki a manyan birane suke, wasunsu kuma sai da kuɗi. Yaron da ke buga ƙwallo da yamma a filin firamare a Bebeji ko Ƙiru, ko a Tudun Wada da Doguwa, bayan ya dawo daga gona ko garejin maigidansa, yana iya yin shekara goma yana cin ƙwallaye a gasar unguwanni ba tare da wani mai horarwa ya taɓa rubuta sunansa ba. Wasu iyayen kan sayar da gona ko dabbobi su ba dillalan da ke alkawarin kai yaro Turai, a ƙarshe a rasa kuɗin, yaron kuma ya maƙale a wata ƙasa.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyi. Gasar makarantun sakandare da ake yi kowace shekara ba fashi, gasar ƙananan hukumomi mai rajistar 'yan wasa da shekarunsu na gaskiya, da 'yan kasuwar yanki da za su ɗauki nauyin ƙungiya ɗaya su riƙa biyan yara ɗan alawus, su ne irin abin da UNTL ta yi wa wani yaron mai walda a 1981.

Shekara ɗaya kacal Yekini ya yi a wannan ƙungiya, kuma ba a cika ambatonta ba idan ana lissafa nasarorinsa. Amma a cikinta aka fara ganinsa, daga cikinta Shooting Stars ta ɗauke shi.

Allah Ya jiƙan Rashidi Yekini, Ya gafarta masa kurakuransa.